Hannun Jarin Baba da Kirkin Akawu

Gwaggo mai share hawaye,

Don Allah ki ture duk wasiƙun da ke gabanki ki fara duba tawa, lokaci ya ƙure mini. Ƙarshen watan nan za a sa hannu a wata takarda. Shekarata ashirin da shida ina sayar da takalma a kasuwa. Daga yadda mutum ya tsaya a bakin shago nake gane mai saye da wanda ya zo shan inuwa. Amma yau na kasa gane ko ni ne zan cuci mutum ko shi ne zai cuce ni. Abin kunya ne, shi ya sa ban sa sunana ba. In 'yan layinmu suka ji, tsiyar da za su yi mini sai ta kore ni daga kasuwar.

Bari in ɗauko miki daga tushe. Mahaifina yana da shekara tamanin da ɗaya. Aikin kula da sito ya yi a wata maɗaba'a har ya yi ritaya, kuma irin mutanen nan ne da ko allura ya ba ka aro sai ya rubuta rana da wata. Shekara talatin da ɗaya da suka wuce ya kwashe ɗan abin da ya tara ya sayi hannun jari ɗari shida a wani kamfanin sabulu, arba'in arba'in, dubu ashirin da huɗu ke nan. A lokacin da wannan kuɗin za ka sayi babur sabo dal har a ba ka canji. Inna, Allah ya jiƙanta, firji take so. Baba ya ce mata firji cin wuta yake yi, takarda kuwa haihuwa take yi.

Daga ranar ya sayi littafi mai baƙin bango. Kowace Litinin sai ya sayi jarida, ya zare shafin lambobi, ya miƙa wa Inna sauran ta shimfiɗa a kantar kwanuka. Bai taɓa karanta labari ko ɗaya ba. Farashin kamfaninsa kawai zai nema da yatsa, ya rubuta, ya rufe. Yanzu littattafan nan shida ne, kuma babu Litinin ɗin da ta tsallake, har da makon da aka kwantar da shi a asibiti.

Shekarun farko mun ga wanka, Gwaggo. Farashi yana hawa, Baba yana tsaye a bakin banɗaki yana raba mana sabulu, yana cewa mu cuɗa da kyau, duk kumfar da ta zuba aljihunmu take komawa. Baƙo in ya zo gidanmu da sandar sabulu yake tafiya, ko bai nema ba. A shekara ta tara farashi ya kai ɗari cif. Baba ya sayi sabuwar hula.

Litinin ta gaba ya buɗe jarida ya ga ashirin da biyar. Ya goge tabarau. Ya koma wurin mai jarida ya ce an yi kuskuren ɗab'i, shi ma'aikacin maɗaba'a ne, ya san irin wannan sakaci. Ya sayi wata jaridar daban. Ashirin da biyar. Ya dawo gida ya ɗauki jan biro ya rubuta kalma uku a littafinsa: an ci mu. Daga ranar sabulun kamfanin nan bai ƙara kwana a gidanmu da saninsa ba. Inna takan saya a ɓoye, don shi ne mai fitar da datti, ta yar da takardar a bolar maƙwabta, ta kankare tambarin da wuƙa.

Kamfanin bai daina aiko masa da wasiƙu ba. Baba ya rantse ba zai karanta ban haƙurin ɓarayi ba. Bai yar da su ba kuma, don shi ba ya yar da takarda. Duk ambulan da ta zo sai ya rubuta ranar zuwanta a baya, ya jefa a akwatin ƙarfe, ya kulle. Makullin yana ɗaure a igiyar wandonsa har yau.

Duk da fushin bai bar rubuta farashi ba, wai yana tara shaida ne. A hankali abin ya sake tashi har sittin. A shekara ta ashirin, wata Litinin, ya koma sha biyu. Wannan karon bai ƙara kalma ko ɗaya ba, ya dai ja layi a ƙarƙashin lambar har biron ya huda takardar. Yau farashin sha takwas ne.

To yanzu yanar ido ta rufe wa Baba gani. Ni nake zuwa kowace Litinin in karanta masa lambar, shi kuma ya laluba ya rubuta a karkace. Likita ya ce aiki ne mai sauƙi, dubu talatin. Ni kuwa kasuwa ta yi sanyi, ga yara biyu a makaranta, ko na karya farashin rabin kayan shagona da ƙyar in haɗa rabi. Sai Baba ya ce in ɗauki tsinanniyar takardar nan in sayar, ko nawa ne, ta yi masa amfani sau ɗaya kafin ya mutu.

Na yi lissafi irin namu: ɗari shida sau sha takwas, dubu goma da ɗari takwas. An saya ashirin da huɗu. Ko takalmin da ɓera ya ci bai taɓa yi mini irin wannan faɗuwa ba.

Nan mijin ƙanwata ya shigo. Akawu muke ce masa, don a ofishin kuɗi na wani kamfanin motocin haya yake aiki. Gwaggo, ban san yadda zan kwatanta miki maƙon mutumin nan ba. In zai gangara tudu kashe babur yake yi. Ganyen shayi ɗaya sai ya sha shi sau uku, yana shanya shi a bakin taga. Shekara sha ɗaya yana sayen takalmi a wurina, bai taɓa biya ba sai ya fita daga shagon sau biyu na kira shi. Akwai ranar da ya dawo mini da takalmi bayan mako uku, wai sai yanzu ya lura ƙafar hagu ta fi ta dama sheƙi.

Wannan bawan Allah ne ya same ni a shago, ya zauna a kan bencin gwaji, ya sunkuyar da kai, ya ce Yaya, abin Baba ya tsaya masa a rai. Wai saboda girman surukuta zai karɓi takardar a kan abin da Baba ya biya tun asali, dubu ashirin da huɗu, shi ya ɗauki asarar. Cikina ya yi fari ƙal, amma kin san baki ya riga ya saba. Kafin in yi tunani na ji kaina na ce albarka. Sai ya ce ashirin da bakwai. Na juya ina goge wani takalmi da ba shi da ƙura, na sake cewa albarka. Ya ce talatin, kuɗin aikin ido cif, kuma takardar canjin suna tana jakarsa, sa hannun Baba kawai ake jira.

A nan na fara shakka. Akawu ya ƙara kuɗi sau biyu bai ko miƙe daga benci ba. A sana'ata mai saye ba ya saurin ƙari sai in ya ga abin da ni ban gani ba, ko kuwa ba shi da wayo. Akawu kuwa wayonsa har ya yi masa yawa. Sai kuma na tuna ranar da Baba ya buɗe akwatin don ya ɗauko takardar shaidar. Na fita ɗebo ruwa, na dawo na tarar da Akawu ya ɗaga ambulan ɗaya yana haska ta da hasken taga. Da ya gan ni sai ya ce yana sha'awar kan sarkin da ke jiki ne.

Na je wurin 'yata ta fari, malamar makaranta ce, na ce ta bincika mini a waya. Ta buɗe wani shafi da ke nuna tarihin farashin kamfanin tun daga farko, da zane kamar tudu. Gwaggo, maimakon ta warware mini sai ta ƙara ɗaure ni. A zanen nan babu faɗuwa ko ɗaya irin ta littafin Baba. Layi ne yana tafiya yana ɗan tuntuɓe, daga ƙasa zuwa sama. Na ce ta nemo mini ranar da Baba ya saya. Waya ta ce biyu. Biyu! Littafin Baba ya ce arba'in, rasidin dillali ya ce arba'in. Makon sabuwar hula, da Baba ya rubuta ɗari, waya ta ce biyar, makon jan biro ma ta ce biyar, kamar ba abin da ya faru a gidanmu.

Na yanke cewa dillalin ne ya sayar wa Baba abin biyu a kan arba'in. Ba zan ɓoye miki ba, a matsayina na ɗan kasuwa har na ɗan jinjina masa, don ni ban taɓa cin irin wannan riba ba ko a mafarki. Mutumin ya rasu tuntuni, babu wanda za a kama. Kuskuren da na yi shi ne na gaya wa Baba. Ya ce ashe sau uku aka ci shi, ba sau biyu ba. Kwana biyu bai taɓa abinci ba sai ruwan zafi. Ƙanwata kuma ta zo har gida tana kuka, wai sau ɗaya mijinta ya yi abin kirki a rayuwarsa na tsaya ina shinshina shi kamar kifin jiya. Maiɗakina ta ce in karɓi kuɗin kafin Akawu ya farfaɗo.

Ga kuma abin da ban gaya wa kowa ba. Na kwashi littattafan nan shida na kai shago, ina nazarinsu in babu ciniki, yadda nake nazarin lokacin takalman makaranta da na damina. Na gano wani abu. Faɗuwar farko shekara ta tara. Ta biyu shekara ta ashirin. Tsakaninsu sha ɗaya. Ƙara sha ɗaya a kan ashirin, talatin da ɗaya. Bana ke nan, Gwaggo! Wato kowace Litinin daga yanzu abin nan yana iya rushewa ya koma uku ko huɗu. Ban gaya wa Akawu ba. In na bari ya saya, na tura mijin ƙanwata rami da idona a buɗe, kuma 'ya'yansa ni suke kira Kawu. In na ƙi, idon Baba yana nan a rufe.

To wa ke ƙarya, littafin Baba ko waya? Akawu tausayi ne ya kama shi ko wani abu ya hango? In riƙe hannun Baba ya sa hannu, ko in tsaya? Ki taimake ni, ki yi mini bayani da harshen kasuwa, don karatuna a aji uku na sakandare ya tsaya.

Naki,
Mai Takalma, layi na uku daga ƙofa

*

Mai Takalma,

Kada Baba ya sa hannu. Na fara da wannan ne don ko wani ya shigo gwada takalmi ka ajiye jaridar, ka riga ka karanta abin da ya fi muhimmanci.

Babu mai ƙarya, daga littafin har wayar. Ma'auninsu ne ya bambanta. A ce ka sari katan ɗaya a kan arba'in, ka rubuta arba'in a littafinka. Bayan shekaru aka buɗe katan ɗin, aka tarar da takalmi ashirin a ciki, wani ya zo ya rubuta cewa biyu biyu ka saya. Wa ya yi ƙarya? Kai kuɗin katan ka rubuta, shi kuɗin guda.

Kamfani in farashin hannun jarinsa ya yi tsada, yakan tsaga shi don masu ƙaramin ƙarfi su iya saye. Mai guda ɗaya ya wayi gari da huɗu, kowanne a kan kwatan tsohon farashi. Ba a ɗauki ko kwabo daga aljihun kowa ba. Yanzu duba lambobin da ka aiko mini. Ɗari ta koma ashirin da biyar, kashi huɗu cif. Sittin ta koma sha biyu, kashi biyar cif. Faɗuwar gaskiya ba ta da irin wannan tsabta, kamar yadda mai taya kaya ba ya zuwa da ma'auni. Huɗu sau biyar ashirin. Raba arba'in ɗin Baba gida ashirin, ga biyun da waya ta nuna maka. Raba ɗarin nan gida ashirin, ga biyar. Shafukan tarihin farashi sukan koma baya su gyara tsofaffin lambobi su dace da girman hannun jarin yau, don zane ya nuna ainihin tafiyar dukiyar mutum. Shi ake kira gyararren farashi. Abin da Baba ya kwafa daga jarida ɗanyen farashi ne na ranar. Ka nemi gafarar marigayi dillali, kuma ka janye jinjinar da ka yi masa, bai ci ta ba.

In haka ne, ɗari shidan Baba sun zama dubu biyu da ɗari huɗu a makon jan biro, suka zama dubu goma sha biyu a shekara ta ashirin. Dubu goma sha biyu sau sha takwas, dubu ɗari biyu da goma sha shida. Wannan ake taya maka talatin. Kai ka ƙirga farashi ka manta da adadi, don a shagonka takalmi bai taɓa haihuwa a cikin kwali ba.

Amma ka lura na ce in haka ne. Daga wasiƙa nake lissafi, ban ga takarda ba, kuma ba a cin kasuwa da lissafin Gwaggo. Tabbacin yana akwatin ƙarfe. Ina kyautata zaton a cikin wasiƙun nan akwai sanarwar tsagawar guda biyu, da takardun rabon riba na shekara shekara da ba a taɓa karɓa ba. Ku buɗe su. Sannan ka ɗauki Baba, da katin shaidarsa, da takardar asali, ku je ofishin da ke riƙe da rajistar masu hannun jarin kamfanin, adireshinsa yana jikin wasiƙun. Ku nemi a rubuta muku adadin da ke sunansa yau. Ku tambayi ribar da ba a karɓa ba. Wata za a iya sabunta ta, wata mai yiwuwa lokacinta ya wuce, ya danganta da doka, don haka kada ka fara kashe ta a zuci.

In adadin ya tabbata, ku je wurin dillali mai lasisi ku sayar da abin da zai biya aikin ido kawai. Guda dubu ɗaya da ɗari takwas za su isa har da ladan dillalin. Ka tambaye shi kwana nawa mayar da tsohuwar takarda zuwa rajistar zamani zai ɗauka, ka gaya wa likita ya sa rana daidai da haka. Ragowar ta Baba ce. Shi zai ce a riƙe ko a sayar, ba kai ba, ba ni ba.

Kada kuma murna ta ɗebe ka. Ninki tara a shekara talatin da ɗaya abu ne mai kyau, amma je ka tambayi kuɗin sabon babur yau, za ka ga tsadar rayuwa ta ci nata rabon. Baba bai zama attajiri ba. Bai yi asarar da yake zato ba ne kawai, kuma wannan ma ba ƙaramin abu ba ne.

Sai batun shekara sha ɗayanka. Na yi dariya har mai share ofishinmu ta leƙo. Da farko, abin da ka ƙirga ba faɗuwa ba ne. Na biyu, ko da faɗuwa ce, sau biyu ba al'ada ba ce. In mutum ya sayi takalmi a wurinka ranar Talata sau biyu, ba za ka rufe shago sauran kwanaki kana jiran Talata ba. Takalman makaranta suna da lokaci don makaranta tana da ranar buɗewa. Farashin hannun jari ba shi da kalanda. Tarihinsa yana da amfani, amma ba na duba ba. Yana nuna maka yadda kamfani ya jure shekarun wahala, da irin girgizar da mai riƙe da shi zai iya sha, da ko farashin yana tafiya tare da ribar da kamfanin ke samu ko ya bar ta a baya. Kafin ka karanta kowane zane ka tambaya: gyararre ne ko ɗanye? Wasu shafukan har rabon riba suke sa wa a gyaran, sai lambobin su ƙi fita cif kamar naka, kada hakan ya ruɗa ka. Duk inda ka ga farashi ya yanke rabi ko kwata a dare ɗaya, nemi sanarwar kamfani ta wannan makon kafin ka nemi jan biro. Abin da zai faru Litinin mai zuwa kuwa, babu littafin da ya sani. Yana iya hawa, yana iya sauka. Shi ya sa na ce ku cire kuɗin ido yanzu, kada ku tsaya jiran ya kai ashirin.

Yanzu Akawu. Mutumin da ke aiki da lambobi, ya haska ambulan a taga, ya ƙara kuɗi sau biyu a zaune, da wuya a ce bai shinshino komai ba. Ba zan wanke shi ba. Amma mai yiwuwa tsagawa ɗaya ya sani bai san ta biyu ba, mai yiwuwa ya gaya wa kansa cewa kowa ya amfana, Baba ya samu ido shi ya samu takarda. Mutane sun iya yi wa son zuciyarsu kwalliya. Kuma kafin ka ɗaga murya, tuna cewa kai ma kana zaune a kan sirrinka na lissafin shekara sha ɗaya, kana shirin miƙa masa abin da ka yi imani zai rushe. Ku biyun kun shiga cinikin nan kowa da abin da ya ɓoye a bayansa. Bambancin kawai, nasa lissafin daidai ne, naka ba daidai ba. Abin da zan yaba maka shi ne naka ya hana ka sukuni har ka rubuto.

Saboda haka kada ka tona shi a gaban ƙanwarka. Ita za ta ci gaba da zama da shi, kai kuma za ka ci gaba da ganinsa a kowace hidimar gida. Ka ce masa kafin a sa hannu za ku je ofishin rajista a tabbatar da adadi, ka roƙe shi ya raka ku tunda shi ne mai ilimin abin. In ya zo, ka ba shi ƙofar da zai fita da mutuncinsa, ya yi mamaki tare da ku, ko na gaske ko na aro. In ya fara kawo uzuri, ka samu amsarka ba tare da ka tambaya ba, sai ka riƙe ta a cikinka. In har yanzu yana son saye, ga kasuwa nan, sha takwas sha takwas, kamar kowa.

Wanda na fi damuwa da shi Baba ne. Shekara ashirin da biyu yana ɗauke da baƙin cikin abin da bai faru ba, kuma kai ka ƙara masa da maganar dillali. Ka je yau, kada ka jira Litinin. Kada ka shiga da cewa ya yi kuskure, dattijo irin wannan zai gwammace asarar da a ce bai fahimta ba. Fara da cewa ba a cuce shi ranar saye ba. Sannan ka karanta masa lambobinsa da kansa, ɗari da ashirin da biyar, sittin da sha biyu, ka tambaye shi a matsayinsa na tsohon mai sito ko ya ga wani abu. Bar shi ya raba da kansa. In shi ya gano, shi zai kwance makullin da hannunsa. Ka kuma gaya masa gaskiya, cewa ba don littattafansa ba da ni ma ban iya warware wannan ba. Ka tabbata yana zaune, kuma ya ci wani abu tukuna.

Ƙarshen wata in Akawu ya zo da jakarsa, ka tarbe shi da fara'a. Ba shi kujera, ba shi ruwa mai sanyi, ka tambayi yara. Biro ne kawai ba za a samu a gidan ba.

Allah ya sa a yi aikin a sa'a, ya ba Baba lafiya da tsawon kwana, ya bar zumuncinku, ya kuma kawo maka kasuwa.

Taku,
Gwaggo